Ƙullin Jima

Duk wanda ya taɓa sayen buhun albasa a kasuwar Tama ya san ƙullin Jima. Kunne biyu gare shi, wutsiyar igiyar kuma a cuse take ta ƙarƙashi. Ko jaki ya yi ta tsalle da kayan daga kwari har kan dutse ba ya kwancewa, amma in ka ja kunne ɗaya sai ya buɗe kamar an yi masa magana. Jima ya koye shi wurin kakansa, wanda ya yi wa mutanen arewa ɗaurin kaya a kan raƙuma tun zamanin da ƙasar ke hannunsu. Ɗansa Sufyanu, ɗan kabu-kabu, ya sha gwadawa bai iya ba. Shi robar taya ya sani, a ja a naɗe a wuce.

A bazarar bana aka gama ginin bankin cimaka tsakanin ƙauyensu, Gidan Maiguwa, da Garin Isufu da ke gangare. Mangaza ce, wato ɗakin ajiya, ta siminti da ƙofar ƙarfe, an cika ta da hatsi don a riƙa sayar wa mutane da rahusa in rumbuna sun yi ƙasa. Ƙauye biyu, mabuɗi ɗaya. Aka sa ranar Asabar kowa ya fito, maza da mata, a yi layi bayan wanda ake so ya riƙe mabuɗin.

Mutum biyu suka tsaya. Ga Jima, ga Mansur na Garin Isufu, wanda ke sayen hatsi da kaka ya ɓoye, sai damina ta yi tsakiya ya fito da shi da tsada. A wurin Sufyanu, ba Mansur mabuɗin nan daidai yake da ba kura ajiyar nama. Bai damu ba kuwa, don ko a Garin Isufu Jima ake so. Ta gaba a masu son nasa ita ce Karima, tsohuwa mai riƙon jikoki, wadda ɗanta ya tafi Aljeriya ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Taubashiyar Jima ce, abokiyar wasansa. Ba su haɗuwa su rabu lafiya.

"Jima, in anka ba ka mabuɗin ga ka rataya shi ga wuya, kar ka bar shi garka kamar yadda kab bar hularka ranar aurenka."

"Ke dai ki taho da ƙwaryarki, tsohuwa. Ko da yake mai haƙori guda, mi za ki tauna?"

"Da haƙorin ga guda nika cin naka rabo."

Cikin makon ne wata farar mota kat-kat ta hauro dutse ta tsaya ƙofar maigari. Wata malamar jami'a ce, Madam Nasiba, da samarin da ke yi mata anketi, wato tambayoyin bincike, babbansu wani dogo mai suna Walid. Ta ce ba taimako ta kawo ba, bincike take yi. Tana son ta san yadda mutum ke bayarwa in babu mai ganinsa, da kuma ko irin masu bayarwar nan ne jama'a ke ɗauka su riƙe musu amana. Shi ya sa take bin ƙauyukan da zaɓe ya gabato.

Da jin kalmar anketi mutane suka fara zamewa, kowa ya tuna da lanho, harajin gwamnati. Walid ya ga taron zai watse, ya ɗaga hannu biyu.

"Iyayena, ku zauna. Wasa ne za mu yi. Wasa ne kawai, babu sunan wanda za a kai ko'ina."

Aka kafa ƴar bukkar zana bayan masallaci. Walid ya yi bayani. Kowane maigida zai shiga shi kaɗai. A ciki zai tarar da gero tiya biyu cikin babbar ƙwarya, da ƙaramin farin buhu, da igiya. Geron nasa ne. Abin da ya ga dama ya zuba cikin farin buhu, ya ɗaure, ya jefa cikin tano, wato ganga, mai murfi. Saura ya juye cikin bokitinsa ya rufe, ya fita ta baya.

"Farin buhun kuma," in ji Walid, "sai mu ce wani mutum can Garin Isufu, wanda ba ka sani ba, shi zai karɓa. Ba ya sanin kai ne, kai ma ba ka saninsa. Ka ga, wasa ne."

Mahaucin garin ya ɗaga yatsa. "In nij juye dut cikin bokitina hwa?"

"Naka ne. Babu mai sani, ko Madam."

"Allah hwa?"

"Wannan ba ya cikin anketinmu."

Aka yi dariya. Jima bai yi ba. Sufyanu ya lura uban nasa ya murtuke fuska tun farkon bayanin, amma ya ɗauka zafin rana ne. Da aka kira Jima ya shiga, bai daɗe ba ya fita ta baya da bokitinsa a rufe, ya gangara garka, lambunsa.

Washegari Sufyanu ya kai wani fasinja Garin Isufu, ya tarar da taro ƙarƙashin gawo, sai ya jingine moto, wato babur ɗinsa, ya tsaya kallo. Mutanen garin sun riga sun yi nasu shigar bukkar tun da safe, tanonsu na cikin kat-kat za a kai Gidan Maiguwa. Yanzu fararen buhunan Gidan Maiguwa ne aka jera kan tabarma. Kowa ya zaro kara daga ƙwarya, buhun da ke da alamar karansa shi ne rabonsa. Wasu buhunan sun yi tim kamar tulu, wasu kamar dunƙulen hannu. Ɗaya kuwa a shimfiɗe yake kamar fatar da aka shanya.

Karima ce ta zaro shi.

Ta ɗaga shi da yatsa biyu, ta kwashe da dariya. "Wane marowaci na wanga? Ko ɓera ya hi shi kunya, shi in ya ci shina barin kashi."

Mata suka yi shewa. Tana cikin dariyar ta juya bakin buhun, sai dariyar ta ɗauke. Ta kai shi kusa da ido. Ta ja kunne ɗaya, igiyar ta zube ƙasa. Ta kife buhun ta kakkaɓe. Ko ƙura.

"Jima?" ta ce, ba da ƙarfi ba. "Jima?"

Sufyanu ya matso kusa. Ya ga ƙullin kafin ta kwance shi. Babu mai irinsa daga nan har Buza.

Mansur ya ratso taron, ya duƙa ya ɗauki igiyar, har yanzu da lanƙwasar kunnuwan a jikinta. Ya ɗaga ta sama.

"Jama'a, kun gani da idonku, kar gobe a ce Mansur ya yi ƙage. Wanga shi na za a ba mabuɗin mangaza. Tiya biyu anka ba shi kyauta, bai iya raba ko ƙwara da ɗan'uwa nai musulmi ba."

Salati ya tashi nan da can. Daga nan wani ya duba bakin nasa buhun.

"Kai! Wanga ai na limaminsu na. Shi ka naɗe igiya sau uku kamar rawani."

Buhun bai fi cikin tafin hannu ba. Wata mata ta dafe kai.

"Ni kau nawa cike shike. Ku ji ƙauri ga igiyar. Na mahauci na!"

"Mahaucin da ba ya ƙara ma mutum ko ƙashi?"

"Wallahi shi na. Dut yaj juye."

Kafin a ce me, kowa ya duƙa kan bakin buhu. Ana kiran sunaye, ana miƙa wa juna igiya a duba. Ƙauyukan nan biyu gonakinsu haɗe suke, sun yi gayya tare, sun ɗaure dami tare, sun auri juna. Mace na ganin ƙullin wanta ta gane, wata na mijin ƙanwarta. Wanda ake yi wa kallon mai hannun kyauta ga nasa kamar ƙullin magani, wanda ake zagi ga nasa ya kusa fashewa. Babu wanda ya koma dariya.

Madam Nasiba ta kama hannun rigar Walid. "Me ke faruwa? Me suke dubawa?"

"Sun gane masu buhunan, Madam."

"Ta yaya? Buhu iri ɗaya muka ba kowa, igiya iri ɗaya."

"Hannun ne ba iri ɗaya ba."

Ta zauna kan ƙarfen bayan motar kamar wadda aka ture. Ta cire tabarau, ta mayar, ta sake cirewa.

Sufyanu bai san lokacin da ya shiga tsakiyar fili ba. "To a hiddo ɗayan tanon! A buɗe naku mu gani! Mansur, kai ma ai ka shiga bukka. A kawo buhunka jama'a su duba!"

Fuskar Mansur ta sauya. Ba shi kaɗai ba, rabin mazan Garin Isufu suka dubi motar a tare. Wasu samari suka fara cewa a buɗe, a buɗe.

Madam Nasiba ta miƙe. Ta karɓi wuƙa wurin direba, ta shige bayan motar ta kulle kanta. Ta gilashi ana ganinta tana ɗaukar buhunan ɗaya bayan ɗaya, tana yanke igiya, tana sake ɗaurewa da hannunta. Da ta fito zufa ta jiƙe mata kallabi, igiyoyin na cikin jakarta.

"Na yi wa kowa alkawarin rufin asiri," ta ce. "Na karya shi sau ɗaya ban sani ba. Ba zan karya na biyu ina sane ba."

Mansur ya sauke numfashi, ya gyara hula. Karima kuwa ta ninke buhunta ta soke a gefen zane, ta kama hannun ƙaramin jikanta ta tafi, ba ta dubi kowa ba.

Sufyanu ya tarar da ubansa a garka yana jan ruwa yana ba ƴan tattasai. Ko kashe moto bai yi da kyau ba ya diro.

"Baba, mi kaz zuba cikin hwarin buhu jiya?"

Jima bai bar jan guga ba. "Ban zuba komi ba."

Sufyanu ya zo da shirin jin an ce ƙarya ne, ko wani ya kwaikwayi ƙullin. Ya tsaya baki buɗe.

"Kenan dut kak kwashe?"

"Kai, kana da hankali? Ni in kwashi hatsin da ban san mahwari nai ba? Can nib bar musu abinsu cikin ƙwarya. Ko ƙwara ban taɓa ba. Bokitina wohi nih hito da shi."

"Don mi?"

"Ba ka ji yaron ba? Wasa, wasa, wasa. Hatsi abin wasa na? Ni da nig ga shekarar da munka tona gidan tururuwa muna tsintar ƙwayar gero, yau a ce in shiga bukka in yi wasa da tiya biyu? Kunyar maigari ta hana ni in tashi gaban baƙi. Nis shiga, niɗ ɗaure musu buhunsu, niy yi gaba."

"Baba, buhun an kai shi Garin Isuhu. Hannun mutum yas shiga."

"Wane mutum? Sai mu ce, yac ce. Sai mu ce wani mutum. Kamar yara in suna kasuwar ƙasa, su ce sai mu ce wanga dutsi nama na."

"Inna Karima taz zaro shi."

Igiyar guga ta sulluɓe daga hannun Jima. Suka ji faɗuwarta cikin rijiya. Bai leƙa ba.

"Da gaske anka ba ta?"

"Gaban jama'a. Kowa ya tahi gida da abin dakawa, ita ta kakkaɓe buhu. Kuma ta ga ƙullinka. Kowa ya gani."

Jima ya zauna a bakin rijiya, ya dubi tafin hannuwansa kamar na wani ne. Can ya miƙe. "Tashi mu tahi rumbu. Yanzu za ka kai mata."

"A'a, Baba. In kak kai yanzu Mansur ya ce sayen layi kaka yi. Bari Asabar ta wuce. Gaskiya kaɗai za ka hwaɗi. Suna ganin kwashewa kay yi, in sunka ji ba ka taɓa ba, magana ta mutu."

"Yaran hwa da ke hannunta?"

"Kwana nawa na? Baba, mabuɗin ga in yas shiga hannun Mansur, ba gidan Inna Karima kaɗai ka kwana da yunwa ba."

Jima ya leƙa rijiyar. Sannan ya tafi neman ƙugiyar ciro guga.

Sufyanu ya bi masu binciken har masaukinsu a Tama, ya faɗa musu ubansa ya ce bai taɓa geron ba. Walid bai musanta ba. Shi ke shiga bayan kowa ya sake cika ƙwarya, kuma sau ɗaya ya tarar da ita cike, bayan fitar wani dattijo mai farin gemu.

Madam Nasiba ta juyo ta dube shi. "Ka gani, ba ka gaya mini ba?"

"Ke kika ce abin da muka gani cikin bukka ko ke kada mu faɗa wa."

Ta rufe fuska da hannu. Da ta buɗe ta ce wa Sufyanu asirin na Jima ne. In shi da bakinsa ya nemi Walid ya yi shaida gaban mutane, ta yarda. Sufyanu ya hau moto ya koma yana ji kamar ya riga ya ga mabuɗin a wuyan ubansa.

Ranar Asabar da hantsi ƙauyukan biyu suka cika filin mangaza. Masu gari biyu na zaune kan tabarma, wakilin magajin gari na riƙe da mabuɗin. Mutanen Gidan Maiguwa da yawa ba su iya haɗa ido da surukansu na gangare. Liman ya yi addu'a a gaggauce ya koma baya. Mahauci kuwa ya sa sabuwar riga.

Kafin a ce a yi layi Jima ya nemi magana. Ya faɗi abin da ya faru kamar yadda ya faɗa wa ɗansa, bai ƙara ba bai rage ba. Mansur ya yi dariya.

"Ka bar shi cikin ƙwarya? To ƙwaryar ta zo ta yi shaida."

"Ƙwarya ba ta da baki," in ji Jima. "Amma ga yaron da yac cika ta. Ɗana, na yarda, hwaɗi abin da kag gani."

Walid ya fito ya rantse cewa bayan fitar Jima ya tarar da geron yadda ya zuba shi. Gunaguni ya tashi. Sufyanu ya ga dattawa na gyaɗa kai, ya ji wani na cewa ai dama, Jima ba ya cin abin da ba nasa ba. Dariyar Mansur ta ɗauke.

Sai Karima ta taso daga cikin mata, tana dogara sanda. Jama'a suka buɗa mata. Wasu har sun fara murmushi, suna jiran irin tsokanar da aka saba.

"Jima, tsaya in ji da kyau. Ba ka ci ba?"

"Ban ci ba, Karima."

"Ba ka kai ma iyalinka ba?"

"Ko ƙwara."

Ta gyaɗa kai a hankali. "Ni da nig ga buhun, cewa niy yi yunwa ta. Nic ce ƙila rumbu nai ya ƙare, kunya ta hana shi hwaɗi, ya kai ma ɗiya nai. Tun ranar niy yahe maka, don wanda yak kwashe ciki yac ci, kowa ya san ciki. Yau da niyyar tsayawa bayanka nib baro gida. Ashe kai ba ka ci ba, ni ba ka ba ni ba. Bari kay yi."

"Ban san da mutum bayan buhun ba. Sun ce wasa."

"Ka tambaya? Mahauci ma ya tambaya. Kai baki gare ka, ka hi kowa iya magana." Ta buga sandarta a ƙasa. "Ni abokiyar wasanka ta tun muna yawo ba zane. Na san wasa. Gero tiya biyu gabanka, cikin bazara, kaj juya mishi baya don kalma guda ba ta yi maka daɗi ba. Kuma tun ranar kaj ji ni taz zaro buhun. Tsakanin rumbunka da ƙohwata tahiyar kwana nawa ta?"

Jima ya buɗe baki. Sufyanu ya jira uban ya ce yaro ne ya hana shi. Jima ya rufe bakinsa.

"To gobe," in ji Karima, "in hatsi na cikin mangazag ga, wani yaro yaz zo yay yi maganar da ba ta gamshe ka ba, ko kaj ji tsoron abin da mutane za su ce, sai ka ɗaure ƙohwa da ƙullinka mai kunne biyu ka tahi garka, mu mu kwana da ruwa? Mansur na san shi. Tsada gare shi, ba ya da tausai. Amma in kaj je shina buɗewa."

Mansur kansa ya tsaya yana kallonta kamar bai gane yabo ne ko zagi ba.

Wakilin magajin gari ya ce a yi layi. Jima ya tsaya gabas, Mansur ya tsaya yamma. Na ɗan lokaci babu wanda ya motsa. Karima ce ta fara takawa. Ta wuce ta gaban Jima, ta je ta tsaya bayan Mansur, idonta a ƙasa. Matan Garin Isufu suka bi ta. Sai matan Gidan Maiguwa suka fara tashi, biyu-biyu, suna jan mayafi suna rufe fuska. Maza suka dubi juna.

Sufyanu ya tsaya bayan ubansa. Ya waiwaya ya ga mahauci da sabuwar rigarsa, da ƴan tsofaffin da suka yi tonon gidan tururuwa tare da Jima, da wasu ƴan garka. Ɗayan layin ya miƙe har ya zagaya bayan mangaza. Ba a ma ƙirga ba.

Aka miƙa wa Mansur mabuɗin. Ya zaro zoben mabuɗan shagunansa daga aljihu, ya zura sabon a ciki, ya karkaɗa. Sufyanu ya kafa wa zoben ido yana son ya riƙe wanne ne na jama'a. Kafin Mansur ya mayar aljihu ya ɓace masa cikin sauran.

Madam Nasiba ta tari Jima a hanya. Ta rusuna ta ce ya gafarce ta, abin da ta auna a ƙauyukan nan biyu ma zubar da shi za ta yi, ba shi da sauran amfani. Jima ya ce mata ba ita ta ɗaure buhun ba, ya wuce.

Da la'asar ya jingina tsani ya hau rumbu da kansa. Ya miƙo wa matarsa damman gero aka sussuka, aka sheƙe. Bai nemi tiya ba, ya yi ta zubawa cikin buhu har ya ɗauko wuya. Ya ɗauki igiya ya naɗa, yatsunsa suka fitar da kunne na farko su kaɗai. Sai ya tsaya. Ya warware, ya jefar da igiyar.

"Ɗaure," ya ce wa Sufyanu.

"Ban iya naka ba, Baba."

"Naka nic ce."

Sufyanu ya kwanto roba daga bayan moto ya naɗe bakin buhun, ya cusa ƙarshen yadda ya saba. Ya sunkuya zai ɗauka.

"Ba kai za ka kai ba. Nemi wani cikin abokanka na Tama, wanda ba ta sani ba. Ya aje ƙohwar gida, kar ya ce daga ina."

Haka aka yi. Uba da ɗa suka zauna ƙofar gida suna jira. Daga nan kan dutse ana hango farin ginin mangaza a gangare, da mutane ƴan ƙanana a bakin ƙofarsa.

Rana ta kusa faɗuwa ɗan kabu-kabun ya dawo. Ya ce tsohuwar ta kama shi kafin ya juya moto. Ta kwance robar, ta ɗebi geron ta duba a tafin hannu, ta sa jikokinta suka ja buhun ciki.

"Ta ce wani abu?" in ji Sufyanu.

"Ta ce a hwaɗa ma tsohon, ko jaki yaɗ ɗaure buhu ta san geron tudu da na kwari. Ga robarku, ta ce a maido."

Jima ya karɓi robar yana juya ta a hannu.

"Da tah hwaɗi hakan," ya ce, "ta yi dariya?"

Saurayin ya yi ɗan tunani.

"A'a, Baba. Ba ta yi ba."